Tsoka ta Uku

A shekarar da iskar farkon damina ta yaye kwanon ajinmu na yaƙi da jahilci, har muka koma ɗaukar karatu a zauren mai unguwa, a shekarar ce na je Abuja. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. In na je masallaci a tambaye ni, in na shiga kasuwar Gaya a tambaye ni. Ko a aji, malaminmu sai ya ajiye alli ya ce, "Malam Haruna, wai da gaske ne can abinci a kan babur yake yawo?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Amma in faɗa muku tun yanzu, akwai abubuwan da na gani da idona waɗanda har yau ban gane kansu ba.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Mai ɗakina Talatu 'yar Ajingi ce, kuma tun tana gidansu sana'arta ke nan: ƙuli-ƙuli, yajin ƙuli, man gyaɗa da daddawa. Ranar kasuwar Ajingi nake ɗora kayan a babur daga nan ƙauyenmu Balan in kai wa yayarta ta sayar mata. Da can, kafin azahar an kwashe. Yanzu masu yi sun yi yawa, ga man inji ya cika kasuwa, sai in dawo da rabin kaya. Talatu ba mai ƙorafi ba ce, amma ina ganin yadda take jujjuya ledojin da suka dawo kafin ta mayar da su cikin kwalla.

Ana cikin haka ƙanena Sabi'u ya kira ni. Ya daɗe a Abuja, girki yake yi a wurin wata Hajiya mai sayar da abinci. Ya ce, "Yaya, Hajiya tana neman wanda zai riƙa kawo mata yaji da daddawa irin na gida, duk wata. Na ce mata babu kamar matar yayana. Ka kawo ta ɗanɗana, in ya yi mata, an gama."

Da na gaya wa Talatu, sai ta tashi ta hura wuta. Ta yi suya, ta yi daka, ta tankaɗe yajin nan har ya yi laushi kamar kwalli. Ta ƙulla shi leda-leda, kowace in ta auna da gwangwani sai ta ƙara ɗan hannu a kai, kamar yadda kowane mai sana'a yake yi. Har buhun kalwa ta sa na sayo mata a Ajingi, wai kada Hajiya ta ce a kawo daddawar wata mai zuwa a same ta babu shiri. Da zan fita ta biyo ni har zaure ta ce, "Malam, ka kula da mutuncin kayan nan."

Daga Gaya na shiga mota ta Wudil zuwa Kano, da buhu ɗaya da galan na mai. Motar Abuja da sassafe take tashi, don haka na kwana wurin Isyaku, ɗan garinmu mai sayar da shayi a bakin tasha. A nan na fara ganin abin mamaki. Da yamma manyan mutane masu gemu suka cika bencinsa, kowa yana jiran a dafa masa taliyar leda da ƙwai, irin wadda mu yara muke saya wa. Na ce, "Isyaku, waɗannan ba su da mata ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Suna da su. Wasu ma ledar matan suke jira in ƙulla musu."

Amma dai Kano gida ce. Duk wanda ya miƙa kofi ya ce a gyara masa, sai Isyaku ya ɗan tsiyaya masa ƙari, suna zolayar juna. Da na ce masa Abuja za ni, ya dube ni ya ce, "To ka riƙe hannunka. Can ko ruwan wanke hannu lissafi gare shi." Na ɗauka wasa yake.

A motar Abuja an sa buhuna a ƙarƙashin kujera. Ba mu kai Zariya ba rana ta yi zafi, daddawar Talatu ta fara sanar da kanta. Wata mata a gabana ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Direba, wani abu ya mutu a motar nan." Na ce mata daddawa ce, mai kyau, ta kalwa zalla. Ta ce ita ma tana ci, amma ba ta taɓa tafiya da ita ba. A wani shinge aka ce a buɗe buhun. Mai binciken ya sunsuna, ya ja da baya, ya sake dawowa ya sunsuna, sannan ya ce rabonsa da irin wannan tun kakarsa tana da rai. Na ɓare masa guda, muka wuce.

Bayan Kaduna aka tsaya cin abinci. Kowa ya sayo nasa a 'yar roba mai murfi, ya dawo ya juya baya yana ci. Ni na kwance guzurina na dambu da ƙuli, na dubi dama na ce bismillah, na dubi hagu na ce bismillah. Babu wanda ya miƙo hannu, babu kuma wanda ya yi mini tayin nasa. Na ci, amma kamar ina cin na sata. Da muka kusa shiga gari aka ce ga wani ƙaton dutse can, na leƙa ta taga in gani, iska ta ɗauke mini hula. Da aka sauke kaya kuma na tarar wani ƙarfe ya huda galan, man gyaɗar ya tsiyaye a but ɗin motar, ya jiƙa jakar wani mutum. Mutumin ya yi ta faɗa da Turanci. Na yi ta ba shi haƙuri da Hausa har ya gaji.

Sabi'u ya zo ya ɗauke ni. Ɗakinsa yana bayan gari, ƙarami ne, su uku suke kwana a ciki, duk ma'aikatan abinci. Abin da ya ɗaure mini kai, babu murhu a gidan. Mutane uku masu dafa wa gari abinci, da safe sai suka sayo burodi da shayi a leda.

Muka tafi wurin aiki. Ni a raina rumfa zan gani, da benci, da mutane suna wanke hannu. Sai ya kai ni wani gida mai get, ya bi da ni ta baya zuwa wani babban ɗaki mai tukwane da murhun gas. Babu kujera ko ɗaya. Na ce, "Ina masu cin suke zama?"

Ya ce, "Ba sa zuwa, Yaya. A waya suke saya."

"To ta ina kuke sanin ya yi musu daɗi?"

"A waya suke faɗa."

"Kuɗin fa?"

"A waya."

A bakin get ga masu babura a jere, kowanne da akwati a baya. A miƙa musu leda, su duba waya, su tafi, ba sallama ba ciniki. Mai girki bai taɓa ganin mai ci ba, mai ci bai san fuskar mai girki ba. Kuma kun san abin da suke sayarwa? Garau-garau, da ɗanwake, da dafa-dukan daddawa, abincin da muke ci in babu yadda za a yi. Sai dai an yanka masa kabeji da ƙwai, an ɗauke shi hoto kafin a rufe. Da Sabi'u ya gaya mini yadda ake sayar da roba guda ta garau-garau, na ce ya daina yi mini wasa, ni ba sa'ansa ba ne.

Komai a ɗakin nan sai ya hau sikeli. Akwai wata mata 'yar Filato mai suna Ladi, ita ke zuba shinkafa. Ta ɗora roba, ta zuba, in ya ɗan haura sai ta sa cokali ta rage. Na tsaya ina kallon wannan cokalin. A wurinmu in mai abinci ta zuba ta kuma rage a gaban mutane, kashegari labarinta ya gama gari.

Hajiya ta zo da hantsi. Ba tsohuwa ba ce, ba za ta girmi Sabi'u ba, wayoyi biyu a hannunta. Ta gaishe ni da ladabi, tana ce mini Baba. Ta lashi yajin, ta lumshe ido, ta sake lasa. Ta sa aka jefa daddawa a miya ta ɗanɗana. Ta ce, "Baba, kayan nan sun yi. Amma ba bakina ne zai yanke ba. Ranar Juma'a muke da oda mafi yawa. Zan barbaɗa yajin nan a naman ranar, in mutane suka yaba, duk wata ku kawo." Na kira Talatu na gaya mata. Ta ce, "Allah ya nuna mana Juma'ar."

Ranar Juma'a mai rufe robobi bai zo ba, wai zazzaɓi. Hajiya kuma ta fita sayen gas. Aiki ya taso kamar girbi, Sabi'u yana kan wuta, Ladi tana kan sikeli, wayoyi suna ta kuka. Ni ina zaune a gefe ba abin da nake yi, sai na ce a ba ni abin da zan taimaka. Sabi'u ya turo mini babban faranti na soyayyen nama, an barbaɗe shi da yajin Talatu, ya ce, "Yaya, tsoka biyu a kowace roba, ka rufe. Biyu fa."

Na ce na ji.

Na ɗauki roba ta farko na sa biyu. Na dube ta. Tsokokin ƙanana ne, sun kwanta a kan shinkafa kamar an manta da su. Na tuna yau ce ranar da yajin Talatu zai fara shiga gidajen mutane. Mutum ya biya abin da ya biya, ya buɗe, ya ga daidai abin da aka ce, babu ko ɗan alheri a kai. A Ajingi mai saye yana tsaye a gabanka, zai ce gyara mini, ka gyara masa, ko ma bai faɗa ba ka ƙara don ya dawo. A nan mai sayen ba ya nan balle ya roƙa, sai na ga ai mu ya kamata mu tuna da shi. An ce biyu, na sa biyu. Gyara kuwa ai ba ya cikin awo, a kan awo yake hawa. Na ɗauki wata 'yar ƙarama na ɗora, na rufe.

Da na yi wa na farko, ban ga dalilin hana na biyu ba, tunda ban san fuskar kowa ba balle in zaɓa. Haka na yi ta yi. Masu babura suna karɓa suna tafiya. Raina fes, har ina tunanin yadda zan ba Talatu labari.

Ana gab da tafiya masallaci farantin ya ƙare. Na ce, "Sabi'u, ƙaro nama."

Ya juyo da ludayi a hannu. "Wane nama?"

"Na cikin tukunya."

"Yaya, shi ke nan naman. A ƙirge yake." Ya dubi robobin da suka rage a kan tebur, jere guda, shinkafa tsirara. Odar wani ofis ce da suke taro, sun biya tun jiya. Ya buɗe wata leda da ba a ɗauka ba tukuna, ya ɗaga murfi, ya ga uku. Ya buɗe wata, uku. Ya ce, "Innalillahi. Yaya, ban ce maka biyu ba?"

"Biyu na sa."

"To wannan fa?"

"Gyara ne."

Ladi ta zauna a kan bokiti ta rufe baki da hannu. Ban sani ba ko dariya take ko kuka. Masu babura suka fara danna hon a bakin get. Ana cikin haka Hajiya ta shigo. Sabi'u ya yi mata bayani a tsaye, yana share zufa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, wa ya ce ka ƙara?"

Na ce, "Babu wanda ya ce, Hajiya. Ai ba a cewa."

"Saniya nake da ita a bayan gida?"

"A'a. Na ga dai mutanen nan masu ciniki da ke ne kullum, ya kamata su ga hannunki."

Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai wayoyinta biyu suka ɗauki kuka tare. Ta tura mai babur ya zagaya wurin masu balangu ya sayo abin da ya samu. Kafin a yanka a zuba, an sauko daga masallaci, mu ma da ƙyar muka samu sallar. Abincin ofis ya isa bayan taro ya watse, suka ce a mayar musu da kuɗinsu.

Wannan na gane shi, an ɓata wa mutane lokaci. Abin da ya faru kashegari ne ban gane ba. Ranar Asabar mai rufe robobi ya dawo, aka koma tsoka biyu. Kafin la'asar sai ga saƙonni. Ladi ce take karanta mana. Wannan ya ce an rage nama. Wancan ya ce jiya uku yau biyu, an fara ha'inci ke nan. Wata ta saka hoton robar jiya da ta yau gefe da gefe, ta ce mutane su yi hattara. Na ce, "Ladi, waɗanda na ƙara wa ne suke faɗin haka?"

Ta ce, "Su ne, Baba."

"Babu wanda ya yi godiya?"

Ta duba ta duba ta ce, "Babu."

"To yajin fa? Me suka ce?"

Ta sake dubawa har ƙasa. Babu wanda ya ambaci yaji. Kowa maganar nama yake.

Na rasa inda zan sa kaina. A garinmu in an yi maka gyara yau, gobe ba a yi ba, ka san jiya alheri aka yi maka. A can alherin jiya shi ne bashin yau. Na tambayi Sabi'u ko akwai hanyar da zan bi in yi wa mutanen bayani. Ya ce, "Yaya, don Allah ka zauna kawai."

Da yamma Hajiya ta kira ni. Ledojin yajin Talatu suna gabanta, tana ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Baba, dubi nan. Babu biyun da suka zo daidai."

Na ce, "Ai duk sun haura, Hajiya. Babu wadda ta gaza."

Ta ce, "Na gani. Ita ma gyarawa take yi ko?" Ta yi ɗan murmushi, amma murmushin gajiya. "Ni in abu ya haura ma matsala ne. Wanda ya ci yau, gobe irinsa yake so, ba ƙari ba ragi. Ba ya ganina balle ya yi mini uzuri. Yajin nan yana da daɗi, wallahi. Amma ban san ko ya karɓu ba, tunda babu wanda ya kula da shi." Ta biya kuɗin kayan da na kawo ba tare da ta yi ciniki ba, ta ce in gaishe da mai ɗakina, za ta neme mu.

Da safe Sabi'u ya raka ni tasha. Bai yi mini faɗa ba, ni ne babba, amma a hanya maganarsa kaɗan ce. Da zan shiga mota ya miƙo mini leda ya ce Hajiya ce ta ce a ba ni na hanya. Bayan Kaduna da aka tsaya na buɗe. Dafa-duka ce, da tsoka uku a kai. Na daɗe ina kallonta. Ko Hajiya ce ta sa a yi mini gyara, ko gatse take yi mini, ko Ladi ce, ko Sabi'u ne ya ɗora a ɓoye, har yau ban sani ba, kuma na kasa tambaya. Na dubi na kusa da ni na ce bismillah. Ya girgiza kai. Na cinye.

Na iso Balan da la'asar, kai babu hula. Talatu ta kawo mini ruwa, ta zauna a bakin tabarma. Na ba ta labari tun daga Wudil, ban rage komai ba. Tana saurare tana tsince gyaɗa a faifai. Da na kai wurin nama ta tsayar da hannu ta ce, "Nawa ka ƙara musu?"

"Ɗaya ɗaya. Ƙanana ma."

Ta ce, "To ai ba ka yi yawa ba." Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Kuma ba su gode ba?"

"Ba su gode ba."

Ta girgiza kai ta ce, "Ikon Allah."

Ta riƙa ba yara wayarta suna kai caji kullum, ko da Hajiya za ta kira. Wata ya wuce, wani ya shiga. Daga baya Sabi'u ne ya gaya mini, da na matsa masa, cewa Hajiya ta samu masu kawo mata yaji a leda mai liƙe, kowace da nauyinta a rubuce. Ya ce bai kai na Talatu daɗi ba. Na gaya mata hakan, ta ce Allah ya sa albarka, ta tashi ta ɗora tukunyar kalwa, don buhun nan yana nan sai an san yadda aka yi da shi. Ranar kasuwa na kai kayan Ajingi kamar da. Na duba ledojin kafin in ɗaure, kowace da ɗan hannu a kai.

To masu tambaya, ga abin da Abuja ta ci mini: hula ɗaya, galan ɗaya na man gyaɗa, sakin fuskar ƙanena da har yanzu bai gama dawowa ba, da cinikin Talatu na duk wata, wanda ya tafi a kan tsoka ɗaya ɗaya.